BARGI DA DANGINSA NA ƘETARE: TARIHIN KIFIN DA KE GINA GIDA

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma maganar kifi na zo muku da ita. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Dogon Daji da su, alhali garinsu ba a bakin gulbi yake ba. Haka ne, mu masu saye ne. Kifinmu daga wajajen Kebbe da Jega da Yawuri yake zuwa, yawanci banda. Sai dai mai saye ma yana da ido, kuma idan kaya ya fara wuya a kasuwa shi ke fara lura.

Kwanakin baya muna zaune a bakin titin nan da ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal, sai wani abokina ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Ma'aikata ne a wata gonar kifi ta ƙasar Malesiya, sun shiga ruwa iya ƙirji, sun ja taru, sun kamo wani dogon kifi mai launin zinariya. Ɗaya ya rungume shi, ɗaya ya sa yatsu ya buɗe masa baki, sai ga 'ya'ya suna zubowa, kowane da ƙullin gwaiduwa rataye a cikinsa. An rubuta cewa sunansa arowana, wai guda ɗaya kan yi kuɗin mota. Wani dattijo mai sayar da banda da ke gefenmu ya karɓi wayar, ya ƙura ido, ya ce, "Wanga ai bargi na, an dai shafa mai ruwan zinari." Muka kwashe da dariya. Na ce, "Baba, wannan fa can bangon duniya yake." Ya miƙo wayar, ya ce shi dai abin da idonsa ya gani ke nan.

Da na zauna na bi diddigi, sai na tarar mu ne abin dariya. Bargi da arowana dangin juna ne, har Turawa masu kiwon kifin ado suna kiran bargi arowanar Afirka. Na kuma tarar matsala ɗaya ce ta daɗe tana ba masu kiwonsu wahala, wato rasa gane namiji da mace. Wannan 'yar matsala ta yi tasiri a kan irin kifin da muke ci yau.

WANE NE BARGI?

Wanda bai san shi ba, dogon kifi ne mai manyan ɓawo masu tauri, launinsa tsakanin toka da ruwan ƙasa, fukafukansa na baya da na ciki sun koma can kusa da wutsiya. Yakan kai tsawon mita 1 da nauyin kusan kilo 10. Ana samunsa a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da kogin Nilu, da kogunan Senegal da Gambiya da Bolta. Masanin nan Bafaranshe, Georges Cuvier, shi ya shigar da shi littattafan kimiyya a 1829, sunan da aka san shi da shi a can kuwa Heterotis niloticus.

Masana sun sa shi cikin wani tsohon gidan kifaye da suke kira masu ƙashi a harshe. Yauni ma ɗan wannan babban gida ne. Arowana na Asiya da na Ostireliya da na Kudancin Amurka duk ciki suke. Wanda ya fi kusa da bargi a cikinsu shi ne wani ƙato da ke kogin Amazon, ana ce masa pirarucu, mai wuce mita 2. Bayanin da masana ke bayarwa kan yadda dangi ɗaya na ruwan daɗi ya warwatsu haka shi ne, a da can Afirka da Kudancin Amurka da wasu nahiyoyi a manne suke, daga baya suka rabu, kowace ta tafi da rabonta.

Abu biyu Allah ya keɓance bargi da su. Na farko, yana da jakar iska a cikinsa da yake numfashi da ita, shi ya sa yake tasowa lokaci-lokaci ya haɗiyi iska ya koma, kuma yake jure ruwan da ya yi ɗumi ya gurɓace. Na biyu, yana da wata gaɓa a cikin kansa a naɗe kamar dodon-koɗi, wadda ke tattara ƙananan halittun ruwa ya haɗiye. Ya haɗa da tsutsotsi da ƙwari da 'ya'yan ciyawa da abin da ya kwanta a laka. Ma'ana abincinsa mai araha ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

GIDAN BARGI

Yawancin kifaye watsa ƙwai suke yi su wuce. Bargi gida yake ginawa. Idan damina ta kankama, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, namiji da mace sukan nemi wuri mai ciyawa inda ruwa bai wuce gwiwa ko cinya ba. Su tuge ciyawar tsakiya, su tura ta gefe ta zama katanga, su share ƙasa ta yi sumul. Abin da zai fito da'ira ce mai faɗin kamar mita 1, tamkar ƙaramin tafki a cikin babba. Nan mace ke zuba ƙwai. Cikin kwana 2 ko kusa da haka su ƙyanƙyashe, bayan 'yan kwanaki 'ya'yan su fita a dunƙule kamar baƙin gajimare, iyayen na kewaye da su suna gadi.

Bature na farko da ya rubuta wannan dalla-dalla shi ne John Samuel Budgett, masanin dabbobi daga Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ya je kogin Gambiya a 1898, ya sake komawa a 1900, yana neman ƙwan wani kifi daban. Masuntan wurin ne suka riƙa yi masa jagora cikin fadamu, a nan ya ga gidan bargi da na yauni da na gaiwa, ya wallafa bayaninsu a 1901. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, yana can ƙasan Kwara yana ci gaba da nemansa. Ya samu abin da ya fita nema, amma ya koma gida da zazzaɓi, ya mutu a farkon 1904 yana da shekara 31. Sunansa na nan a littattafai. Masuntan da suka san gidan bargi tun kaka da kakanni, waɗanda suka riƙe hannunsa suka kai shi, galibinsu ba wanda ya san sunansu yau.

Wannan gini da gadi shi ne ƙarfin bargi, kuma nan ne lagonsa. Kifin da ya kafa gida a ruwa iya gwiwa, yake tasowa shan iska, kuma ba ya son barin 'ya'yansa, ba shi da wuyar kamu. Wanda ya gano gidan ya gano uwa da uba. In aka ɗauke su, tarwaɗa da tsuntsaye su gama da 'ya'yan. Haka kuma in ruwa bai hau fadama ba, ko ya hau ya janye da wuri, babu gida, babu haihuwa a wannan shekara.

DOKAR RUWA TA MUTANEN DA

Ƙasarmu ta kudancin Sakkwato tana jingine da gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya wuce Jega, ya je ya zuba a gulbin Kabi. Wannan yanki duka ya daɗe a inuwar daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya ɗaukaka a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Sanwai, ya kafa birninsa a Surame. Kabawa mutanen ruwa ne. Daga cikin wannan ƙasa Sarkawa suka bazu da jiragensu, suka bi Kwara sama da ƙasa, har Bafaranshen nan Jean Rouch ya yi rubutu a kan yawonsu na su a 1950.

Su a wancan zamani yana da shugabanni da lokaci. Akwai Sarkin Ruwa, a Argungu akwai Homa. Manyan guraben ruwa ba a faɗa musu haka kawai, sai an yi gyaran ruwa, an yi fashin ruwa, an sanar da rana, sannan jama'a su taru da homa da gora a shiga tare. Lokacin wannan babban su kuwa rani ne, bayan ruwa ya janye kifi ya taru a gurabe. Cikin waɗannan al'adu akwai tsafe-tsafen da malamai suka yi inkari, kuma da yawansu sun gushe. Amma idan muka dubi tsarin kansa, za mu ga yana bai wa kifi watannin damina ya hayayyafa, ya kuma bar wasu gurabe a rufe mafi yawan shekara. Kayan aikin ma suna da iyaka. Homa da mashi da ƙugiya da tarun zaren gida ba sa share ruwa tas.

Bayan jihadi Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, sarautar Kabawa ta koma Argungu, aka shafe kusan ƙarni ana gaba tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. Garuruwanmu na nan kudu suna kan wannan iyaka, Tambuwal ma ribaɗi ce ta Buhari ɗan Shehu. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin Argungu ya samo asali. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2016. Bayan ya tsaya kusan shekara 10 an dawo da shi a watan Maris na 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Masu kallo suna ganin ƙaton giwan ruwa a kan sikeli. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin samun irin wannan kifi a Matan Fada: wurin a rufe yake, an hana su a cikinsa sai ranar biki. Tsohuwar dokar ce ta rage a ɗan wannan yanki, kuma har yau tana nuna aikinta.

DA RUWA YA CANZA

Abubuwa da dama suka taru a kan fadama cikin shekara kamar 30. Zaren roba ya shigo, kalli da birgi da taru suka yi araha, suka daɗe ba su ruɓe ba, kuma ana iya saƙa su da ƙananan idanu. An gama madatsar Kainji a 1968. Fari ya zo a 1972 zuwa 1974, ya sake dawowa a 1983 da 1984. An gama madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, wadda rikicin filayenta ya ci rayukan manoma da yawa a watan Afrilu na 1980. Ta Goronyo a kan gulbin Rima ta biyo baya a shekarun 1980.

Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori, ya wallafa sakamakonsa a 1985. Ya tarar malalar ruwa ta ragu a zurfi da daɗewa, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, su ya ja baya, masunta sun fara tafiya nesa neman ruwa. Bakolori ba a kan gulbin Zamfara take ba, amma gulaben nan a haɗe suke, kuma kifi da damina daga ƙasa yake hawowa. Abin da ya rage kifi a gulbin Kabi ya rage wanda zai iso mana.

Sai kuma hannunmu. Fadamar da a da ciyawa ce yanzu gonar shinkafa ce da albasa, da injin ban-ruwa da maganin feshi. Ba laifi ba ne mutum ya noma abin da zai ci, amma ciyawar da aka kashe ita ce kayan ginin bargi. Wasu sun zuba guba a ruwa, wasu sun mai da gidan sauro abin kamun kifi. Gwamnatin tarayya ta yi dokar su ta ruwan cikin ƙasa a 1992, ta haramta guba da nakiya da taru mai ƙananan idanu. Dokar na takarda, mai tsaron gurbin kuwa an riga an rage masa iko.

ME YA SA TARWAƊA TA CI GARI?

Tunanin a kiwata kifi a tafkin da aka haƙa ya shigo Arewa tun zamanin Turawa. An buɗe gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951, aka kawo wani kifi daga Turai aka zuba. A ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa, jami'ansu sun sa ido a kan bargi, saboda saurin girmansa da arahar abincinsa. A shekarun 1950 da 1960 suka ɗebe shi daga arewacin Kamaru suka kai kudanci, suka kai Gabon da Kwango, har Madagaska. Ya tsere daga tafkunan kiwo ya shiga koguna. A kogin Nyong na Kamaru ya zama babban kifin kasuwa, suna ce masa kanga. A Kwango an laƙaba masa suna mai ma'anar sabuwar Kwango, domin bayyanarsa ta zo daidai da samun 'yancin kai.

To, kifin da ya yi wannan suna a ƙasar wasu, me ya hana shi cika tafkunan kiwo a ƙasarsa? Amsar tana wajen haihuwa.

Ɗauki tarwaɗa ka juya cikinta. Namiji yana da ɗan tsiro mai tsini a ƙasan ciki, mace tata ƙofar a zagaye take, cikinta a kumbure in ta ɗauki ƙwai. Yaro ma in an nuna masa sau ɗaya ya gane. A shekarun 1970 da 1980 masu bincike a Afirka ta Tsakiya da Holan suka daidaita hanyar sa ta haihuwa a kowane wata: a yi wa mace allura da yamma, da safe a matse ƙwan a roba, a yanka namiji a ciro maniyyinsa a gauraya, cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi dubban 'ya'ya su fito. Ba ruwanka da damina, ba ruwanka da ciyawa. Da wannan dabara tarwaɗa ta shiga tankin siminti da na tamfol a bayan gidaje, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwonta.

Bargi bai ba da wannan ƙofa ba. Namiji da mace kamarsu ɗaya a ido. A ciki ma gaɓar haihuwa ɗaya tal gare su, ta ɓangaren hagu. Mai kiwo zai zuba manya 10 a tafki bai san ko maza 9 ne ba. Ko an dace da jinsi, sai sun zaɓi juna da kansu, sai sun samu ciyawa da zurfin da ya yi musu. In sun haihu kuma, 'ya'yan kan mutu da yawa a makonnin farko. Shi ya sa har yau masu son kiwonsa sukan dogara da 'ya'yan da aka kamo daga fadama, abin da ke ƙara rage na dajin. Masu bincike sun koma gwajin jini, suna neman wani sinadarin gwaiduwa da mace mai shirin ƙwai ke samarwa. Hanya ce mai aiki, amma ba ta ƙaramin mai kiwo ba ce.

Ga inda abin ke ciwo. Tarwaɗa mai cin nama ce, abincinta na buhu ne, kuma shi ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo. Duk wanda ya gwada kiwon nan a 'yan shekarun nan ya san yadda tsadar buhu ta kori mutane daga sana'ar. Kifin da zai iya rayuwa a kan abin da tafki ke samarwa da taki da dusa yana nan a gulbinmu, mun kasa sarrafa haihuwarsa.

DARASIN MALESIYA

Mu koma ga kifin bidiyo. Arowanar Asiya tana zaune ne a ruwayen dazuzzukan Malesiya da Indunusiya da maƙwabtansu. Har wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce kifin miya ne na talakan ƙauye, ba a ma ɗauke shi mai daɗi ba. A 1975 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ta fara aiki, aka sa shi a rukunin farko, wato an hana fataucinsa tsakanin ƙasashe. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da wannan yarjejeniya. Hanin ya zo daidai da lokacin da attajiran Sinawa da Japanawa suka fara sha'awarsa, suna kamanta shi da dodon almararsu mai kawo arziki. Abin da aka hana ya ƙara daraja. Jan da ke fitowa daga kogin Kapuas na tsibirin Borniyo da mai ruwan zinariya na Bukit Merah a jihar Perak suka zama abin alfahari, ana sayensu da dubban daloli, ana fasa gonaki ana sata.

Daga baya aka buɗe ƙofa ɗaya: an yarda a sayar da wanda aka haifa a gonar da ke da rajista, in iyayensa ma a gona aka haife su. Kowane kifi ana cusa masa 'yar ƙwayar lantarki mai lamba a jiki, a ba shi takardar shaida. Amurka kuwa har yau ba ta yarda a shigar mata da shi ba.

Yadda suke kiwon abin lura ne, domin su ma ba su iya abin da ake yi wa tarwaɗa ba. Kifin sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya balaga. Gane jinsinsa da ido sai ƙwararre, shi ma yana kuskure: ana duba faɗin baki da girman kai, domin namiji ne ke ɗaukar ƙwai. A 2003 masu bincike a Singafo suka wallafa wata alama ta ƙwayoyin gado da ke taimakawa, amma a nau'i ɗaya ta yi aiki. Saboda haka manoman suka bi kifin a kan halinsa. Suna haƙa tafkin ƙasa, su zuba manya da dama, su bar su su zaɓi juna. Mace ta saki ƙwai manya kamar 'ya'yan kanya, 'yan gomomi kawai, namiji ya kwashe a baki ya riƙe har kusan wata 2 ba ya cin abinci. Masu gona su lura da wanda haɓarsa ta kumbura ya daina zuwa wurin abinci, su ja taru, su buɗe bakin, su ƙarasa renon a akwatin gilashi. Abin da muka gani a waya ke nan.

Yau arowana ta cika gonaki da falukan masu kuɗi. A dajin da ta fito kuwa har yanzu tana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, saboda an sare dazuzzukan an dasa kwakwar manja, an gurɓata ruwayen. Gona ta tsare irin, gulbin ya tafi.

DARASIN BURAZIL

Ɗan'uwan bargi na kusa ya bi wata hanya. Pirarucu ya yi ƙaranci a Amazon har jihar Amazonas ta hana kamunsa a 1996. A 1999 aka fara wani gwaji a yankin Mamirawa, bisa ilimin masuntan wurin. Tun da kifin dole ya taso shan iska kowane minti 15 zuwa 20, tsofaffin masunta suna iya tsayawa a bakin tafki su ƙirga, har su bambanta babba da ƙarami ta ƙarar tasowarsa. Wani masani, Leandro Castello, ya gwada ƙidayarsu da hanyar kimiyya, ya wallafa a 2004 cewa ta yi daidai. Aka gina doka a kan haka: jama'ar gari su tsare tafkunansu, su ƙirga duk shekara, a ba su izinin kama abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 na manya ba, ban da lokacin haihuwa, ban da wanda bai kai mita ɗaya da rabi ba. Kifin ya dawo ninki-ba-ninki, masunta suka samu kuɗi fiye da da.

Duk wanda ya karanta wannan ya san ya taɓa jin irinsa. Rufe gurbi, jiran lokaci, shugaban ruwa mai faɗa a ji, ranar da kowa zai shiga. Fashin ruwa ne aka ƙara masa littafin lissafi da goyon bayan hukuma.

INA MUKA DOSA?

Ba na cewa bargi zai yi kuɗin mota, kuma ba na fatan haka, don mun ga abin da tsada ta jawo wa ɗan'uwansa. Abin da nake gani shi ne muna da hanyoyi biyu a gabanmu, kuma ba sa karo da juna. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, da jami'o'inmu na Sakkwato da Aliero, su ne za su iya sauƙaƙa gane jinsi da renon 'ya'ya har ƙaramin mai kiwo ya amfana. Kafin nan, abin da ya fi sauƙi yana hannun masu gari da sarakunan ruwa: a bar wani yanki na fadama da ciyawarsa, a hana taɓa gidan bargi da damina. Uwa da uba da aka bari a watan Agusta su ne bandar da za a saya a kasuwa baɗi.

Mu kuma masu alƙalami akwai namu. A 1967 ma'aikatar gona ta Jihar Arewa ta buga littafi a kan kifaye da su na Arewacin Najeriya, cikin marubutansa akwai Ibrahim Yaro, kuma an tattara sunayen kifaye na Hausa a ciki. Da Turanci aka rubuta shi, yau samunsa sai an tona. A labaranmu kuwa sai ka karanta shafi 300 ba ka ga an ce komai ba face "ta soya kifi". Wane kifi? Karfasa ce ko ragon ruwa, ƙurungu ne ko ramboshi, tsage ne ko minjirya? Kowane da ƙayarsa da farashinsa da irin gidan da ake cinsa. Yarinyar da aka aika ta sayo yauni ba gidansu ɗaya da wadda aka aika ta sayo ƙurungu ba, kuma mai karatu ɗan bakin gulbi zai gane haka ba sai an yi masa bayani ba. Mutanen da suka san waɗannan abubuwa suna nan da rai a Kebbe da Romo da Jega da Argungu da Yawuri, yawancinsu sun manyanta. Kuɗin mota da goro da wayar ɗaukar murya sun isa. In ka rubuta, ka nemi izininsu ka sa sunansu, kada a maimaita abin da aka yi wa masuntan Gambiya.

Na koma wurin dattijon nan bayan mako biyu, na ce, "Baba, na zo ban haƙuri, maganarka ta fito." Ya yi murmushi kawai. Na tambaye shi yadda ake gane macen bargi. Ya ce shi tun yana yaro bai san wata hanya ba sai an feɗe, in mace ce za ka ga ƙwan a gefe guda. Na ce haka masana suka rubuta, gefen hagu. Ya ce to, ashe sun feɗe su ma. Sannan ya ɗaga kwalinsa ya nuna mini: tarwaɗar kiwo ce tun daga sama har ƙasa. Ya ce in ina son bargi babba in ba shi kuɗi da sati biyu, zai sa a tambaya masa a Yawuri.

Na ba shi. Ina nan ina jira.

Inda na yi kuskure a gyara mini, musamman 'yan'uwa na Kabi da Yawuri da bakin Tafkin Chadi, ku ne masu abin. Wanda garinsu ke kiran bargi da wani suna daban, ya taimaka ya faɗa mana sunan da garin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana ilimi mai amfani.

Wassalam, daga Dogon Daji.